Kifin Dory A Ƙaramin Tanki: Lissafin Da Manhaja Ba Ta Iya Gyarawa

Duk wanda ya ɗan daɗe yana zagaye a TikTok ko YouTube, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: akwatin gilashi a kan tebur, shuɗiyar fitila tana haskawa, kifaye masu launi kamar an yi musu fenti suna kai-komo a tsakanin duwatsu, mai tankin kuma yana latsa waya yana canza kalar hasken. Bidiyon ba ya wuce daƙiƙa talatin, kuma ba ya nuna halin da kifayen suka shiga bayan wata shida.

Kiwon kifin teku a cikin gida ya koma harkar na'urori sosai. Akwai fitilun da ake saita musu fitowar rana da faɗuwarta daga waya, akwai famfunan da ke kwaikwayon igiyar ruwa, akwai ƙananan kwamfutocin da ke auna zafi da gishiri su turo saƙo idan wani abu ya kauce. Wannan ci gaban ya sa mutane da yawa suna ɗauka cewa idan dai kayan aiki sun cika, kowane irin kifi zai iya zama a kowane irin tanki. Nan ne asarar take farawa. Na'ura tana iya tace ruwa, tana iya lura da shi dare da rana, amma yawan ruwan da faɗin tankin suna nan yadda aka saye su.

Daga ina kifayen suke fitowa?

Kifayen ado na ruwan daɗi, irin waɗanda ake gani a shaguna da ofisoshi, mafi yawansu a gona ake ƙyanƙyashe su. Na ruwan gishiri ba haka ba ne. Yawancinsu daga teku ake kamo su, musamman a Indunusiya da Filifin, a zuba su a leda da ɗan ruwa da iska, a ɗora su a jirgin sama zuwa Amurka da Turai da Japan. Wani rahoto da cibiyar sa ido kan halittu ta Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifin teku na ado miliyan 20 zuwa 24 a kowace shekara, daga nau'i 1,471. Saboda haka duk kifin da ya mutu a tankin da bai dace da shi ba, akwai yiwuwar wani za a sake kamowa daga teku ya maye gurbinsa.

Biyu daga cikin waɗannan kifaye kusan kowa ya san su saboda fim. Fim ɗin Finding Nemo na kamfanin Pixar, wanda ya fito a 2003, shi ya tallata ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, har sunan Nemo ya bi shi. Abokiyar tafiyar mahaifinsa, Dory, shuɗin kifi ce daga dangin da 'yan kasuwa ke kira tang, kuma ta samu nata fim ɗin a 2016. An yi ta faɗin cewa fina-finan sun sa mutane sun yi rububin sayen kifayen, sai dai wani bincike da masana daga Jami'ar Oxford suka wallafa a 2019 ya gano cewa bayan fitowar Finding Dory neman bayanin kifin a intanet ne ya ƙaru, ba a ga alamar sayensa ya ƙaru ba. Duk da haka, kifayen biyu suna cikin waɗanda sabon shiga ya fi tambaya, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya bayyana matsalar gaba ɗaya.

Nemo da Dory ba gida ɗaya suke buƙata ba

Kifin Nemo ba ya wuce santimita 11 idan ya gama girma. A teku ma ba ya yawo. Yana maƙale ne da wata halitta mai kama da fure wadda yake fakewa a cikinta, da wuya ya yi nisa da ita. Shi ya sa guda biyu za su iya rayuwa lafiya a tanki mai lita 75 zuwa 100.

Shuɗin tang kuwa, a shago ana sayar da shi yana ɗan ƙarami, wani lokaci bai fi tsawon babban yatsa ba. Amma yana kaiwa santimita 30, wato tsawon rular makaranta, kuma kifi ne mai gudu wanda ya saba ninƙaya a buɗaɗɗen ruwa. Manyan dillalai suna ba da shawarar tanki mai galan 180 na Amurka, kimanin lita 680, mai tsawon ƙafa shida. Idan aka auna da jarka mai lita 25, jarka 27 ke nan. Ruwan kaɗai ya kai kilo 700, kafin a haɗa nauyin gilashi da duwatsu da yashi. Ɗan'uwansa mai launin ɗorawa, wanda ya shahara daga tsibiran Hawaii, yana kaiwa santimita 20 kuma ana ba shi lita 380 ko fiye.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa kifi yana girma ne daidai da tankinsa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, kifin da ke cikin matsi da gurɓataccen ruwa yana tsumburewa, jikinsa ya raunana, ya mutu tun kafin lokacinsa. Kifin Nemo yana iya haura shekara 10 a tanki mai kyau, tang mai launin ɗorawa kuma an samu waɗanda suka haura shekara 30 a teku. Wanda ya mutu a shekara ɗaya ko biyu, ba tsufa ne ya kashe shi ba.

Wasu kuma suna cewa za su sayi ƙaramin yanzu, idan ya girma su canza babban tanki. Kifin ba ya jiran albashi ko ribar kasuwa. Yana girma ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma samun wanda zai karɓi babban tang ba abu ne mai sauƙi ba, tunda shi ma sai yana da tankin ƙafa shida.

Lissafi na farko: guba

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya a cikin ruwan da yake numfashi a ciki. Ragowar abinci da kashi su ma suna ruɓewa su koma amoniya. A teku, yawan ruwa yana shanye wannan ba tare da an ji ba. A tanki kuwa, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da yashi da matata su ne ke aikin: wani rukuni ya mayar da amoniya zuwa naitirayit, wani rukunin ya mayar da shi naitiret, wanda dafinsa bai kai na farkon ba kuma ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. Kafin waɗannan bakteriya su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin kifi, sabon tanki yana buƙatar kamar mako huɗu zuwa shida. Wanda ya cika tanki da ruwa ranar Asabar ya zuba kifi goma ranar Lahadi, ya zuba su ne a ruwan da babu mai share shi.

Ruwan gishiri yana ƙara tsananta lamarin. Ma'aunin pH na ruwan teku yana tsakanin 8.1 da 8.3, kuma duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya, kason amoniya mai guba yana ninkawa kusan sau goma. Adadin da kifin ruwan daɗi zai iya jurewa a pH 7 yana iya ƙona gaɓar numfashin kifin teku.

Tsofaffin littattafai suna da ƙa'idar auna kifi da inci: inci ɗaya na kifi ga galan kaza na ruwa. Matsalar ita ce jiki ba ya girma ta tsawo kaɗai. Idan tsawon kifi ya ninka sau biyu, faɗinsa da kaurinsa ma sun ninka, nauyinsa ya zama ninki takwas. Kifi ɗaya mai santimita 20 ya fi kifi biyu masu santimita 10 nauyi har sau huɗu, duk da cewa a lissafin inci daidai suke. Duk manhajar da ta tsaya a kan tara tsawon kifaye kawai, amsarta ba abin dogaro ba ce.

Sannan lambar da ke jikin kwalin tanki ba ita ce yawan ruwan da kifi zai samu ba. Tanki mai santimita 90 a tsawo, 45 a faɗi, 45 a tsayi, idan aka ninka su aka raba da 1,000, zai ba da lita 182. A cire kaurin gilashi, a cire tazarar da ake bari a sama, a cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, abin da zai rage bai fi lita 140 zuwa 150 ba. Kamar wayar da aka rubuta 64GB a kwalinta ce, a kunna a tarar tsarin wayar ya riga ya cinye wani kaso.

Lissafi na biyu: iska

Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi. A zafin digiri 25, lita ɗaya ta ruwan daɗi tana ɗaukar kusan miligiram 8.3, ta ruwan teku kuma kusan 6.7. Idan zafi ya ƙaru adadin yana ƙara sauka, a daidai lokacin da jikin kifi yake ƙara buƙatar iskar. Idan aka lissafa, duk oksijin ɗin da ke cikin lita 150 na ruwan teku giram ɗaya ne kacal. Kifaye da bakteriya da murjani da duk wata halitta da ke tankin a wannan giram ɗayan suke tarayya, kuma kifi yana fara galabaita tun kafin ya ƙare.

Muddin famfo yana motsa saman ruwa, sabuwar iska tana shiga. Da zarar wuta ta ɗauke, an koma cin ajiya. Tanki mai kifi uku zai iya kai wa safiya. Irinsa mai kifi goma sha biyu yana iya rasa manyan cikin 'yan awanni, domin su suka fi jan iska. Gawar kifi ɗaya kuma tana sakin amoniya, bakteriyar da ke ruɓar da ita tana ƙara cin oksijin, sai abin ya zama kamar gobarar daji.

Wanda ya saba ganin tarwaɗa a cunkushe cikin tankin roba ko na siminti zai iya mamakin wannan. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take jure ruwan da iskarsa ta yi ƙasa. Kifin murjani ba shi da wannan baiwar. Ya fito ne daga ruwan da zafinsa da gishirinsa da tsabtarsa ba su cika canzawa ba.

Ga mai sha'awar wannan harka a Kano ko Sakkwato ko Yamai, wannan lissafin ya fi kowanne nauyi. Kifayen suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 27, alhali a watan Afrilu zafin gari yana haura 40, ga kuma ɗaukewar wuta. Na'urar sanyaya ruwa tana jan wuta sosai. Fanka a saman tanki tana rage zafi, amma tana ƙara ƙafewar ruwa, kuma gishiri ba ya ƙafewa. Tanki mai lita 40 da ya rasa lita biyu, gishirinsa ya tashi daga giram 35 a lita zuwa kusan 37. A irin wannan yanayi, rage yawan kifi shi ne inshorar da ta fi kowacce araha.

Lissafi na uku: fili

Ko da ruwa ya yi tsabta kamar na kwalba, akwai sauran magana, domin kifayen murjani masu kare yanki ne. Tang yana da ƙaya mai kaifi kamar aska a gindin wutsiyarsa, kuma da ita yake yankan abokin gaba. A teku, wanda aka fi ƙarfi yana guduwa ne faɗa ya ƙare. A tanki gilashi ne a gabansa. Sai ya koma lungu, ya daina fitowa cin abinci, ya rame.

Kifin Nemo ma, duk da ƙanƙantarsa, yana da tsarin sarauta. Mafi girma a rukuni ita ce mace, mai bi mata shi ne namijin, sauran kuma suna jiran layi. Binciken da masanin halittu Peter Buston ya yi a kan wani nau'insu a Papua New Guinea, wanda mujallar Nature ta buga a 2003, ya nuna cewa kowane na ƙasa yana taƙaita girmansa zuwa kusan kashi 80 cikin 100 na wanda ke samansa don kada a kore shi. A ƙaramin tanki, idan biyu suka haɗa kai suka zama ma'aurata, na ukun yana cikin haɗari.

Ƙanƙanta kuma ba kullum take nufin ƙaramin tanki ba. Kifin mandarin, mai launi kamar atamfa, bai wuce santimita 8 ba, amma abincinsa wasu mitsi-mitsin halittu ne da ke hayayyafa a jikin duwatsu, kuma yini yake yana tsintarsu. A sabon tanki ko ƙarami yana cinye su cikin 'yan makonni, daga nan yunwa ta kashe shi a hankali.

Matsi yana buɗe ƙofar cuta. Wadda ta fi yawa ita ce cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Ƙwayar tana cin jikin kifi, ta faɗo ƙasa, ta rarrabu zuwa 'ya'ya masu yawa, su fito neman sabon jiki. A teku akasarinsu suna mutuwa ba su samu kowa ba. A cunkusasshen tanki, ko'ina suka juya akwai kifi, kuma kifin da damuwa ta riga ta raunana. Dangin tang suna cikin waɗanda ta fi saurin kamawa. Idan ta shiga, masu harkar kan kwashe kifayen duka zuwa tankin jinya, su bar babban tankin babu kifi har sama da kwana 70 kafin ƙwayar ta ƙare.

To, ina amfanin na'urorin?

Suna da amfani sosai, idan an san iyakarsu. Na'urar kumfa tana haɗa ruwa da ƙananan kumfa, datti ya manne musu, a tara shi a kofi a zubar tun kafin ya ruɓe. Ƙarin tanki a ƙarƙashin babban yana ƙara yawan ruwa da wurin zaman bakteriya. Na'urar cike ruwa tana zuba ruwa mara gishiri da zarar ya ƙafe. Tsarin Apex na kamfanin Neptune Systems yana auna zafi da pH da gishiri, ya kunna ko ya kashe na'urori da kansa, ya turo gargaɗi a waya. Seneye yana bibiyar amoniya mai guba kai tsaye. Red Sea yana da manhajar ReefBeat da ke haɗa fitilu da famfunansa wuri ɗaya.

Duk waɗannan suna taɓa lissafin guba, wasu suna taimaka wa lissafin iska, amma da sharaɗin akwai wuta. Babu ɗayansu da ya taɓa lissafin fili. Manhaja za ta iya nuna komai kore, alhali wani kifi ya kwana uku a bayan dutse bai ci abinci ba. Kuma idan wuta ta ɗauke, na'urar intanet ɗin gidan ma ta mutu. Iyakar abin da wasu tsare-tsaren za su iya shi ne su sanar cewa tankin ya daina magana. Mai tankin yana wurin aiki ko yana kan hanya, ya ga saƙon, babu abin da zai iya yi.

Masu amfani da ƙananan wayoyi sun san wannan yanayin. Waya mai RAM 2GB da aka buɗe mata manhaja ashirin za ta yi ta sanƙarewa, kuma manhajar share-share ba za ta mayar da ita mai 8GB ba. Tankin da aka cika shi maƙil yana tafiya ne a ƙarshen ƙarfinsa kullum. Famfo ɗaya ya tsaya, ko yaro ya zuba abinci da yawa, ko a yi tafiyar kwana uku, sai komai ya rushe. Tankin da aka bar masa sarari yana shanye irin waɗannan kurakurai kafin a dawo a gyara.

Kafin a biya kuɗi

Masu gogewa suna fara zaɓen kifi ne kafin tanki, ko su zaɓi tanki su amince da kifin da zai iya ɗauka. Matakan da suke bi ba su da wuya:

1. A nemi sunan kimiyya na kifin, a duba iyakar girmansa. Na Dory shi ne Paracanthurus hepatus, na Nemo kuma Amphiprion ocellaris. Rumbun bayanai na FishBase kyauta ne kuma yana buɗewa a waya.
2. A yi lissafi da girman da kifin zai kai, a kuma yi shi da ainihin ruwan da ke tankin bayan an cire duwatsu da yashi.
3. Ga kifi mai gudu, tsawon tanki ya fi zurfinsa muhimmanci. Dogon tanki kuma yana da faɗin saman ruwa, inda iska ke shiga.
4. A jira amoniya da naitirayit su sauka zuwa sifili kafin kifin farko. Bayan haka a riƙa ƙara ɗaya ko biyu, da tazarar makonni, masu sanyin hali su riga masu faɗa shiga.
5. A keɓe sabon kifi a wani ƙaramin tanki na wasu makonni kafin a haɗa shi da sauran.
6. A tanadi famfon iska mai batir. Akwai masu aiki da USB waɗanda batirin cajin waya na tafi-da-gidanka zai iya riƙe su na awanni. A cikin duk na'urorin tanki, da wuya a samu mai arha da ke ceton rai kamarsa.
7. A lissafa kuɗin kowane wata. Gishirin girki ba ya yi, sai na musamman, kusan giram 35 a kowace lita. Canjin kashi 10 cikin 100 na tanki mai lita 680 yana cin lita 68 na tataccen ruwa da gishiri sama da kilo biyu.

Akwai kuma zaɓin sayen kifin da aka ƙyanƙyashe a gona. Kifin Nemo an daɗe ana samar da shi ta haka, kuma ya fi na teku saurin sabawa da abincin tanki. A 2015 cibiyar Oceanic Institute da ke Hawaii ta yi nasarar renon tang mai launin ɗorawa, a 2016 kuma ɗakin binciken Jami'ar Florida ya yi nasara a kan shuɗin tang. Wannan ya ƙara muhimmanci bayan wata kotu a Hawaii ta dakatar da kamun kifin ado na kasuwanci a Janairun 2021, abin da ya sa farashin mai launin ɗorawan ya yi tashin gwauron zabi. Sai dai wanda aka haifa a gona ma girmansa ɗaya da na teku, kuma tsawon tankin da yake buƙata bai ragu ba.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda ɗakinsa da aljihunsa da wutar unguwarsu za su iya ɗaukar lita 100, yana da damar ajiye Nemo biyu da wani ɗan ƙaramin kifi ɗaya mai zaman ƙasa, su shekara goma suna tare. Dory kuwa, idan babu ƙafa shida na gilashi da wutar da ba ta yankewa, gara a ci gaba da kallonta a fuskar waya.